Ranar Miƙa Makulli

Dillalin ya sake juyo kalandar teburinsa ta fuskanci Maman Biyu, kamar idan ta ƙara kallo wata sabuwar rana za ta tsiro a ciki. Ba ta ko ɗaga ido ba. Ta riga ta haddace watan nan kaf, kuma babu inda ya yi mata daidai.

A baki maganar ba ta da wuya. Ta sayar wa wani mai kemis gidansu da ke hawa na uku, za ta sayi wani ɗan ƙaramin gida na ƙasa a hannun wani tsoho ɗan fansho. An gama ciniki, an yarda da komai, saura ranar miƙa makulli. Mai kemis ba zai saki kuɗi ba sai makulli ya shiga hannunsa, kuma ƙarshen watan nan yake so. Ɗan fansho ba zai tashi ba sai an rufa gidan da yake ginawa, rufin kuma da kuɗinta za a yi shi. Kowa ya riƙe rigar na gabansa, babu mai motsi.

Da ita kaɗai ce, da ta kwashe kayanta ta raɓa gidan ƙawa. Amma akwai mijinta, Injiniya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawa turakun lantarki kamar wasa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara matakalar gidansa ta gagare shi. Ranar da aka kai shi asibiti, maza huɗu ne suka sauko da shi a kujera, maƙwabta na leƙe, shi kuwa ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Da suka dawo ya rantse ba za a sake ɗaukarsa ba sai ranar da zai bar benen gaba ɗaya. Saboda shi ta sa gidan a kasuwa, don ya riƙa turo kekensa ƙofar gida ya ga mutane.

Dillalin ya ba ta shawarar ta je ta roƙi tsohon da kanta, wai dattawa sun fi jin kunyar mace. Ta san guje wa aikinsa yake yi, amma ta hau bas ta tafi.

Ɗan fansho ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa. Tana zaune idonta na kan ƙofar falon, mai faɗi, babu ko dokin ƙofa, har ta ji haushin yadda take son gidan. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ciro wayarsa ya nuna mata hoton gininsa: bango tsaye, sama a buɗe, ciyawa ta fito a inda zai sa gadonsa.

"'Yata, in na ba ki makulli yau, a ƙarƙashin me za mu kwana ni da tsohuwar nan?"

Ta roƙe shi ko rana ya yanka mata, ko da nesa ce, ta sami abin riƙewa. Ya ce shi ma abin da yake roƙon kafinta ke nan, kafinta kuwa ya ce sai ya ga katako a ƙasa zai buɗe baki. Ya rako ta har titi yana yi wa Injiniya addu'a, ita kuma tana amsawa da amin, ranta a dagule.

A cikin bas ta kira ƙanin mijinta. Ya jajanta sosai, ya ce ɗakin baƙinsu cike yake da kayan shagon matarsa, amma zai yi mata magana. Maman Biyu ta daɗe da sanin ma'anar wannan maganar a gidansu.

Da ta koma ofishin dillalin ta tarar da mai kemis yana jiranta, har ya miƙe ya ba ta kujera. Ta so a ce marar kunya ne, da ta sami wanda za ta tsana. Ina, yaro ne mai ladabi, idonsa duk ya faɗa. Mai gidan hayarsa ya riga ya karɓi kuɗin wani, shi kuma ga matarsa da jariri a hannu, sun fara ɗaure kaya. Ya ce idan watan ya wuce dole ya janye ya nemi wani wuri. Dillalin ya yi gyaran murya, ya tuna mata cewa in mai kemis ya janye, gidan ɗan fansho ma ya tafi, kuma masu son hawa na uku ba su da yawa.

Mai kemis ne ya fara magana, kansa a ƙasa.

"Mama, ko mu shigo ƙarshen wata, a biya ki, ku kuma ku riƙe ɗaki ɗaya har Baba ɗan fansho ya tashi daga gidansa? Wallahi ba za mu takura muku ba."

Ta tambaya har zuwa yaushe. Babu wanda ya sani. Dillalin dai fuskarsa ta washe, ya ce wannan ita ce maslaha, har ya fara neman biro. Ta karɓa ta sa hannu. Tsoro ta ji, ba sauƙi ba, irin tsoron wanda ya kulle kansa a ɗaki ya miƙa makullin ta taga.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta hau benen, tana hutawa a kowane hawa. Falon cike da kwalaye, kowanne da rubutun 'yan biyunta, waɗanda suka ɗaure su kafin su koma makaranta. Injiniya yana ɗaki a kan kekensa. Ya bi ta da ido har ta ajiye jaka, sannan ya haɗa kalmomin da ƙyar.

"An sa rana?"

"An sa. Ranar shigowarsu."

"Tamu fa?"

Ta zauna a bakin gado ta bayyana masa a hankali: za su zauna a ɗakin nan, falo da kicin da ɗakin yara sun zama na mutane, kuma duk kayan gidan nan ciki za su shigo. Ta zaci zai yi faɗa. Sai ta ga yana auna ɗakin da ido, yadda ya saba auna waya kafin ya yanka. Firij a bayan ƙofa, kwalaye a kan juna har sama, kujeru a kife. Kabad ɗin falo ne ya rasa wuri. Bango ɗaya ya rage, shi ne mai taga.

Ya daɗe yana kallon titi ta cikinta, inda yara ke dawowa daga makaranta. Can ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna.

"A sa shi nan," ya ce. "Ai na ɗan lokaci ne."

Ta ce masa haka ne, ta tashi ta fita neman wanda zai taya ta turo kabad ɗin.