Tagwayen Faifai

Shekara talatin da ɗaya Baffa ya yi a ƙarƙashin manyan motoci kafin bayansa ya ce ya isa haka. Da ya bar gareji bai rabu da direbobi ba, don su suka naɗa shi shugaban dandalinsu na intanet, inda masu dogon zango suke rubuta wa juna halin da hanya take ciki: ina kwalta ta ɓare, ina tirela ta kwanta ta tare hanya, wace gada ce ruwa yake lasa. Ya karɓi shugabancin ne saboda wani dalili da bai taɓa faɗa a taro ba. Autansa direba ne, kuma a dandalin nan kaɗai yake ganin motsinsa. Auta ba mai kiran waya ba ne, saƙonni kuwa sun fi ɗari a wayarsa bai buɗe ba. Amma duk inda ya tsaya sai ya leƙa dandali ya rubuta layi ɗaya. Baffa ya karanta, ya ce wa matarsa ya isa wuri kaza, sannan abinci ya wuce masa maƙogwaro.

Da mutane suka yi yawa sai dandalin ya fara nishi. Tsakanin bakwai da tara na safe, lokacin da motoci suke tashi, sai ka danna shafi ya yi ta juyi kamar taya a laka. Injiniya, ɗiyar ƙanensa, wadda ita ta gina musu dandalin tun tana makaranta, ta yi masa bayani da yaren da zai gane. Ta ce a mota ɗaya aka loda su da kayan wasu mutane arba'in, kowa yana jan nasa. Dole su nemi injinsu na kansu, wanda ake kira saba, a ajiye musu shi a gidan da ake ajiye irin waɗannan injuna.

Ranar zaɓen inji su uku suka je: shi, da ita, da Mai Tanka, tsohon direban tankar mai wanda kwamiti ya haɗo su da shi don ya zama shaida. Mai kula da gidan, wanda ake kira Sanyi saboda rigar sanyin da ba ta barin jikinsa, ya buɗe musu ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin dogo ne, babu taga. Akwatunan ƙarfe sun jeru hagu da dama sun fi mutum tsawo, kowanne da ƙananan fitilu suna ƙifce-ƙifce, ga ƙugin fanka da ba ya hawa ba ya sauka. Mai Tanka ya naɗe hannuwa a ƙirji ya ce shi dai ya taɓa shiga ɗaki mai sanyi irin wannan sau ɗaya, kuma waɗanda ya tarar a ciki ba su amsa sallama ba. Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Inji uku Sanyi ya nuna musu. Baffa bai dubi takardunsu ba. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfen, ya manna kunne a gindinta, kamar yadda yake sauraron injin mota. Na farko ya ce yana da haki. Na biyu ya ce sabo ne fil, bai ga hanya ba, ba a san halinsa ba. Na uku wani kamfani ne ya yi aiki da shi shekara huɗu kafin ya rufe, kuma da Baffa ya saurare shi ya daɗe bai ɗago kai ba. Ya ce shi za a ɗauka.

Injiniya ba ta ƙi zaɓinsa ba. Ta ce injin yana da ƙwaƙwalwa mai faɗi da za ta ɗauki cunkoson safe, kuma wutarsa ta hanya biyu take shiga, in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Wannan ya yi wa Baffa daɗi. Sai ta nuna masa faifan ajiya guda biyu a gaban injin, ta ce duk abin da direba ya rubuta, su biyun suke ɗauka lokaci ɗaya, don in ɗaya ya lalace a ci gaba da ɗayan. Tana faɗar haka ta danna wani maɓalli ta zaro na dama, ta ce wa Sanyi ya kawo mata wani daga ma'aji, na wani kamfani daban, mai ƙarancin shekaru.

Baffa ya tambayi laifin wanda ta cire. Ta ce ba shi da laifi, sai dai shi da ɗan'uwansa haihuwar rana ɗaya ne, aiki ɗaya suka yi, zafi ɗaya suka sha. Irin waɗannan tare suke tsufa, kuma sau da yawa tare suke mutuwa.

Nan Baffa ya ɗaure fuska. Shekara talatin yana korar direbobi daga garejinsa saboda wannan ɗabi'a. Ba a haɗa tsohuwar taya da sabuwa a gatari ɗaya, ba a haɗa ƙirar wannan kamfani da ta wancan. Ɗaya za ta ɗauki nauyi fiye da ɗaya, mota ta yi ta ja gefe, ranar da aka taka birki a gangara a gane kuskure. Ya ga gawar mutanen da suka yi wannan arahar.

"Baffa, wannan ba ya taka ƙasa," in ji ta.

"Yana juyawa ko ba ya juyawa?"

"Yana juyawa."

"To mayar da shi inda kika same shi."

Mai Tanka ya ce shi boko bai yi ba, amma abin da ke juyawa a duniya Baffa ya fi kowa saninsa. Injiniya ta dubi Sanyi, Sanyi ya dubi silin. A gaban baƙi ba za ta ja da yayan mahaifinta ba. Ta tura faifan cikin raminsa har ya yi ƙas, ta ce to, amma a rubuta cewa ta faɗa. Baffa ya ce a rubuta da jan biro ma.

Wata bakwai injin bai yi tari ba. Shafi yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Direbobi suka yi ta sa wa Baffa albarka, shi kuma in ya haɗu da Injiniya sai ya tambaye ta lafiyar tagwayensa. Takan ce suna gaishe shi, ba tare da ta yi murmushi ba.

Ranar da abin ya faru, kwana uku ke nan ana ruwa. Auta ya tashi tun da sassafe da lodin rodi, ya rubuta layinsa ɗaya, ya shiga dajin da waya ba ta kamawa. Baffa ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Sai wajen sha ɗaya zai fito wurin awon motoci, inda waya take ɗan farfaɗowa. Can direbobi suke duba dandali kafin su kai mararraba, domin daga nan hanya ta rabu biyu: gajeriya da take gangarawa kwari ta bi ta gada, da doguwa da take zagaya dutse. Auta kullum gajeriyar yake bi.

Ƙarfe tara da kwata wani direba ya rubuta cewa ruwa ya cinye ƙarƙashin gadar kwari. Daga sama lafiya ƙalau take, kwaltarta ko tsagewa ba ta yi ba, amma shi ya sauka ya leƙa, babu komai a ƙarƙashin rabinta. Ya ce duk mai lodi kada ya kuskura.

Baffa ya kira Auta, ba ta shiga ba. Ya tura saƙo, yana sane ba za a buɗe ba. Shi da kansa ya koya masa kashe ƙarar waya in yana tuƙi. Ya maƙala gargaɗin a saman dandali da manyan baƙaƙe, ya ce wa kansa ai shi ke nan, Auta ba ya wuce wurin awo bai leƙa ba. Yana ajiye waya ta yi ƙara. Injiniya ce, ta ce ya zo gidan injuna yanzu.

Ya same ta a durƙushe gaban injin, Sanyi a tsaye a bayanta. Fitilar faifan hagu ta koma ja. Ta ce ya mutu tun takwas. Sun sa wani a madadinsa, amma sai na dama ya kwafe masa duk abin da ke cikinsa, aikin awa huɗu, kuma na daman ya fara tuntuɓe. Baffa bai nemi sukundireba ba. Daga inda yake tsaye yana jin wani ɗan ƙas-ƙas a cikin ƙugin fanka, yana zuwa yana ɗaukewa.

Ta shimfiɗa masa maganar ba tare da ta tuna masa komai ba. In aka rufe dandali aka bar faifan da kwafi kaɗai, wataƙila ya kai. In aka bar shi a buɗe, ga mutane dubbai sun taru a kan labarin gada kowa yana tambaya, aiki biyu ke nan a kan tsoho mai ciwo. In ya faɗi, tana da kwafi na makon jiya a wani wuri, amma ba za ta iya tayar da dandali ba sai gobe.

Baffa ya dubi agogo. Goma saura biyar.

"In aka rufe, wanda ya isa wurin awo me zai gani?"

"Farin shafi."

"Bar shi a buɗe."

"Baffa..."

"Auta yana hanya, 'yata. Rodi ya ɗauko."

Ta bar dandalin a buɗe. Sanyi ya kawo masa kujera, ya ƙi zama. A allon da ke gabanta wani layi yana tafiya a hankali, ta ce shi ne kwafin. Baffa ba shi yake kallo ba. Ya buɗe jerin sunayen waɗanda suke cikin dandali a wayarsa, yana ja da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya dawo sama. Matarsa ta kira ta tambayi inda Auta ya kai, ya ce mata yana hanya, ruwa ne ya sa ake tafiya a hankali. Ƙas-ƙas ɗin ya daina ɗaukewa.

Sha ɗaya da minti shida sunan Auta ya fito a jerin. Baffa ya buɗe baki zai ce ga shi nan, sai shafin ya tsaya. Ya danna, ya sake dannawa. Fitilar dama ta koma ja, kusa da ta hagu.

Ya tambayi Injiniya ko Auta ya ga gargaɗin. Ta ce ya shigo, wannan tabbas ne. Ko shafin ya buɗe masa kafin faɗuwar, babu mai iya faɗa yanzu, domin amsar tana cikin faifan.

Baffa ya fita daga ɗakin zuwa baranda, inda ruwa yake zuba daga indararo. Ya kira Auta sau uku, tana ringi ba a ɗauka. Lambobin direbobin da suke kusa da wurin duk a dandali suke. Lamba ɗaya ce ya haddace a wannan yanki, ta wani mai faci da yake da rumfa a bakin mararraba, wanda suka yi koyon aiki tare. Ya kira, ya roƙe shi ya fita ya tsaya a tsakiyar titi, ya tare shuɗiyar mota mai rodi ko da jifa ne.

Mai facin ya ce manyan motoci uku sun wuce ba da daɗewa ba, yana cikin rumfa yana tare yoyon rufi. Ɗaya kamar shuɗiya ce. Bai ga hannun da ta ɗauka ba.

"Kada ka kashe," in ji mai facin. "Akwai laka a bakin kowace hanya. Bari in je in duba sawu."

Baffa ya manna wayar a kunne da hannu biyu. Yana jin takun mutumin cikin ruwa, yana jin numfashinsa, har takun ya tsaya.