Ƙararrawar 'Yar Baba

Mai Kaji ta hawo benen tana haki, riƙe da fiffiken ɗan tsako, abin da ya faɗo mata daga sama ke nan. Ba ta yi sallama ba. Ta wuce ƙofar Tela, ta banka ta Mai Shaho, ta jefa masa fiffiken a kan bargo.

"Ga aikin 'yarka nan," in ji ta.

Tela ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta biyo bayanta. Tsohon yana kwance yadda ta bar shi da safe, kokon ruwan da ta ajiye masa ko kurɓa ɗaya bai ragu ba. Ya ɗauki fiffiken da yatsu biyu yana juyawa kamar mai duba yadi, sannan ya ce wannan aikin shirwa ne. Shirwa ce ke fizga ta ci a sama ta yar da saura. Shaho ba ya haka, yakan sauka a kan abin da ya kama, ya rufe shi da fikafikai, ya ci a natse. Ungulu kuwa ba ta ma kisa, jira kawai take yi. Numfashi na yanke masa, amma sai da ya kai ƙarshen karatun.

Mai Kaji ta ce ita ba makaranta ta zo ba, duk abin da ke da farce da mugunta shirwa ne a wurinta. Tana maganar tana bin ɗakin da ido, daga taga zuwa bango, daga bango zuwa ƙofa. Kowa a gidan ya san ɗanta na neman ɗaki, kuma ta riga ta gaya wa mai gidan hayar cewa na saman nan ya kusa zama babu kowa.

Wadda ake zargin tana kusurwa a kan turkenta, hular fata ta rufe mata ido, igiyoyin fata biyu na reto daga ƙafafunta, da 'yar ƙararrawa ɗaure a ta dama. Macen shaho ce, kuma tun da tsohon ya kwanta ba ta fita daga ɗakin ba. Mai Kaji ta san haka sarai. Amma shirwa ba ta da ɗakin da za a banka.

A zamanin ƙarfinsa Mai Shaho a manyan ɗakunan ajiyar hatsi yake aiki, yana korar tantabaru da tsuntsayensa. Da aka kewaye wurin da raga aka ce masa an gode. Ya dawo gida da tsuntsuwa ɗaya, wadda yake kira 'Yar Baba, da safar hannu ta fata wadda zufa ta mayar baƙa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Yana da ɗa guda, direban babbar mota, wanda Tela ba ta taɓa gani ba duk shekarun da ta yi bango ɗaya da tsohon. Ita ce ke dafa masa, ita ke wanke masa kaya, tana yi tana mita, don Tela ba ta iya alheri da baki a rufe ba. Abu ɗaya ne ba ta yi: ba ta zuwa kusa da turken nan. Ta taɓa ganin yadda tsuntsuwar ta yaga wuyan kaza, tun daga ranar ko zani take shanyawa a ɗakin sai ta zagaye.

Da Mai Kaji ta sauka, tsohon ya yafito Tela da hannu.

"'Yar nan, ina almakashinki?"

Ta ce yana kan keke, me zai yi da shi.

"Ki kai ta sama ki sake ta. Ba ta ci a hannun kowa sai nawa. In na tafi, ko yunwa ko taɓaryar waccan matar." Ya huta. "Amma ki ji da kyau. Ki yanke igiyoyin tukuna, duka biyun, daga gindi. Ki yanke ƙararrawar. Sannan ki cire hular. Kada ki juya tsarin."

Ya bayyana mata dalili a hankali. Muddin hular na kanta duhu take gani, ba za ta motsa ba, ko jariri zai iya taɓa ƙafarta. Amma tsuntsun da ya tafi da igiya a ƙafa bai tafi ba, duk reshen da ya sauka a kai zai iya kama shi, ya rataye a nan kai ƙasa har ya bushe. Ya ce kwanan nan yana ba ta har rabonsa na nama don ta yi ƙarfi, yau ta isa tafiya.

Tela ta dubi faratan nan, baƙaƙe, masu lanƙwasa kamar allurar ɗinkin buhu. Ta ce to, amma yau akwai kayan mutane a kan keke, mai su na tafe da yamma. Gobe da safe, in Allah ya kai mu. Tsohon ya dube ta. Ta san ya gane tsoro ne ba kayan mutane ba, kuma wannan ya ba ta haushi, har ta ja masa ƙofa da ƙarfi.

Washegari da safe kuwa Direba ne ya iso. Mai Kaji ce ta nemo lambarsa ta kira shi, don Allah in ji ta, kada uba ya mutu babu ɗa a kansa. Ƙato ne mai furfura a gemu, da tabo da ya taso daga girarsa ta hagu ya gangaro kunci, idon wannan ɓangaren a ɗan runtse. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu, kamar baƙon da ya ɓata gida. Tela tana gyara wa tsohon matashi, ta ɗago ta dubi Direba, ta ji tausayinsa ya kama ta.

"Baba, na zo," ya ce.

Tsohon ya buɗe ido, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Matsa daga bayan 'Yar Baba. Ba ta son a tsaya mata a baya."

Direba ya matsa. Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali. Bai tambayi jiki ba, uban ma bai tambayi jikoki ba. Can Direba ya ce ya ji ana zancen sakin tsuntsuwa, ai da an bar masa, tunda shi aka raina a cikin aikin. Uban ya girgiza kai a kan matashi.

"Tela za ta yi. Kai hannunka bai taɓa kyau da su ba."

A baranda, Tela na ba shi ruwa, ya ga tana satar kallon tabon, sai ya gaya mata ba tare da ta tambaya ba. Yana yaro ne wata tsuntsuwar uban ta tsorata ta kafa masa farce a fuska. Yana birgima a ƙasa jini na shiga masa ido, uban ya tsallake shi ya ɗauki tsuntsuwar, yana duba ko farcenta ya karye. Ya faɗi haka yana ɓare lemo, murya ba ta canza ba, kamar mai ba da labarin hanya. Tela ta ce abin ya wuce, tsoho ne, a yi haƙuri. Ya ce ai haƙuri shi ya kawo shi.

Ta shiga ɗakinta ta ɗauko almakashi, ta tsaya ta yi addu'a, ta goge tafin hannunta a zani. Da ta koma ɗakin tsohon barci ya ɗauke shi, turken kuma babu kowa. Safar hannun ma babu.

Ta sami Direba a saman benen, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Tsuntsuwar na zaune a kan hannunsa lafiya lau, kamar can ta saba zama. Tela ta ji sanyi a ranta, ta ce a zuci ashe jini ba ya ƙarya. Ta miƙa masa almakashin.

"Baba ya ce a yanke tukuna."

"Na riga ki sanin abin da Baba ya ce, Yaya."

Sai ta ga yatsunsa. Da hannu ɗaya ya haɗa bakin igiyoyin biyu, ya murɗa, ya zura, ya ja. Tela ta yi rayuwarta tana ƙulla zare, ta san ƙullin da aka yi don a kwance da wanda aka yi don ya zauna. Kafin ta buɗe baki ya sunkuya ya kama igiyar hular da haƙori, ya ja ɗaya ɓangaren da hannu, hular ta fita. Ya cilla hannu sama.

'Yar Baba ta tashi. Ta zagaya gidan sau ɗaya, ƙararrawar na kaɗawa, kajin tsakar gida suka watse suna kururuwa. Tela ba ta taɓa ganinta a sama ba, kuma duk da tsoron da take mata sai da ta ga kyanta. Tsuntsuwar ta nufi abin da ya fi komai tsawo a unguwar, dogon ƙarfen sabis ɗin waya da ke bayan layin, ta sauka can kusa da ƙololuwa. Ta karkaɗe jiki. Ta dubi gari. Da ta buɗe fikafikai za ta sake tashi, madaukin igiyar ya sarƙe a wani ƙarfe, ya fizgo ta. Ta rataye kai ƙasa tana dukan iska.

Direba ya zare safar ya ajiye a kan tanki.

"Yanzu sai ya je ya duba mata farce," ya ce, ya sauka.

Tela ta ruga bayan layi da almakashi a hannu kamar mahaukaciya. Ƙarfen na cikin shinge mai ƙaya, ƙofa da kwaɗo. Maigadin wurin ya ce makullin ba ya hannunsa, kuma ko yana hannunsa ba a hawa sai ma'aikata sun zo, su kuwa ba sa zuwa don tsuntsu. Ta roƙi masu gyaran babur na bakin titi, suka ɗaga kai suka duba tsawon, suka yi dariya. Da ta dawo ta tarar da Mai Kaji a tsakar gida, hannu a goshi tana kare rana, tana ce wa matan gidan su zo su ga yadda Allah ke sakayya tun a duniya.

Tsohon ya farka. Idonsa na kan turken.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Baba."

"Kin yanke?"

"Na yanke."

A lokacin iska ta juyo, ta shigo da sautin ƙararrawar ta taga, siriri, kamar cokali na taɓa kofi. Tela ta yi sauri ta ja tagar. Ya ce ta buɗe. Ta ce akwai ƙura. Ya ce ta buɗe, da muryar da ba ta taɓa jin ya yi mata ba, ta buɗe. Ya daɗe yana saurare, idonsa a rufe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin wannan ƙararrawar a cikin rumbuna da bayan gine-gine, ba ita za ta gaya masa abin da take nufi ba.

"Wuri ɗaya take," ya ce.

Tela ta durƙusa a gefen gadon tana kuka, tana cewa da ta yi jiya, da ta yi jiya. Bai dube ta ba. Ya lashi busassun leɓɓansa, ya tattara abin da ya rage masa na numfashi, ya yi fiton da yake kiran 'Yar Baba da shi in lokacin ci ya yi. Fiton ya fita da ƙyar. Amma can sama ƙararrawar ta haukace, ta yi ta kaɗawa ba tsayawa, sannan ta lafa. Ya sake yi. Ta sake amsawa. Tela ta ce don Allah Baba ka bari, wahalar da ita kake yi. Bai bari ba sai da leɓɓan suka daina haɗuwa. A baranda Direba na zaune yana shan lemo, yana tara 'ya'yan a tafin hannu.

Washegari kafin rana ta take tsaka tsohon ya cika, fuskarsa na kallon taga. Direba ya yi duk abin da ake so ɗa ya yi, shi ya ɗauki gaban makara, shi ya karɓi gaisuwa, mutanen layi suka yi ta cewa Allah ya ba kowa ɗa irinsa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar Tela ya yi mata godiyar ɗawainiya. Ba ta ɗaga kai daga keke ba. Da yamma Mai Kaji ta sauko da turken, ta kafa shi a cikin akurki, ta ce daidai yake da zakaranta.

Tela ta ɗauko safar hannun daga kan tanki, ta sa ta a aljihun keke tare da almakashin. Shirwa biyu na ta zagaya ƙarfen sabis tun safe, ba su sauka ba tukuna. Abin da ke rataye a can ya daina dukan iska, amma in iska ta taso ƙararrawar takan kaɗa da kanta. Tela ta zura yadi a ƙarƙashin allura ta taka keke da ƙarfi, ta yi ta takawa, ƙarar ta cika ɗakin. Sai zaren ƙasa ya ƙare, ta tsaya don ta sake naɗawa.