Awon Kifin Garu

Maganar ta tashi ne daga layin masu kifi a kasuwar Malanbil, kafin azahar ta kai bakin gada. Wai masu bincike sun auna kifin ƙauyen Garu sun tarar ya ƙanƙance, masunta sun cinye iyaye sun koma kan 'ya'ya. Wai ran Litinin ta sama za a zo da mota a kwashe tarun kowa a cinna masa wuta. Duk mai ba da labarin kuma da abu ɗaya yake rufewa: lissafi ne ya nuna, lissafi kuwa ba ya ƙarya.

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya wa Hajiya Marka a wuya. Shekara talatin da huɗu tana koyar da lissafi a lakkwal kafin ta aje alli, ta san shi sarai. Jaki ne, kayan da ka ɗora masa su zai kai gida.

Tana tsaye gaban tiren Zuhura, wadda take sayen kifi wurinta tun tana amarya. Ta ɗaga wata karfasa da ta fi tafin hannunta biyu.

"Zuhura, wagga daga ina?"

"Daga jirgin Na-Allah mana, Madam. Ina nika samun kihi in ba wurin mijina ba?"

"To in wagga ce jaririya, Allah shi gwada muna uwarta."

Zuhura ba ta yi dariya ba. Taru ɗaya gare su, shi ke ci da mutum tara. "In sunka ƙone shi," in ji ta, "sai mu ci yashi."

Washegari Marka ta nufi ofishin porjen masu binciken. Wanda ta tarar bayan tebur ba baƙo ba ne. Abdurazak ne, ɗalibinta na da, wanda yake zama layin gaba yana ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Ya miƙe zumbur yana gaisuwa.

"Zamna, ba jarabawa na zo da ita ba," ta ce. "Ko da yake, wa ya sani."

Ya juyo mata da fuskar ordinater, wato kwamfuta. Shekara ashirin da suka wuce, in aka haɗa tsawon karfasar Garu aka raba, santimita ashirin da huɗu ake samu. Bana sha biyar.

"Kihi dubu da ɗari biyu munka auna, Madam. Ba wasa ba ne."

"Ina kunka auna su?"

"Tashar jirage, inda ake sauke kihi."

"Ƙarhe nawa?"

"Motarmu na isa tara, wata rana goma."

"Masunta hwa, ƙarhe nawa suka hitowa daga ruwa?"

Abdurazak ya yi mata murmushin nan da ake yi wa tsofaffi in ana so su tafi gida su huta. Ya ce hanyar da aka bi ta kimiyya ce, manya sun duba sun sa hannu. Masu jirage talatin da ɗaya za a raba da abincinsu, shi kuma ko lokacin da suke fitowa daga ruwa bai sani ba. Ta ɗauki jakarta ba sallama.

Ran Laraba ta hau kabu-kabu zuwa Garu, da zaren awon tela da littafi da bik na rubutu, ta sauka gidan Zuhura. Ana idar da sallar asuba aka kai ta wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, can sama da tasha. Nan jirage ke fara tsayawa. Jirgi bai gama tsayawa ba mata sun kutsa ruwa har kugu, kowace da kwanonta a ka. A Garu hannun fari na matar gida ne, ba mai taɓa kamun miji sai ta zaɓa. Su kuwa ba sa zaɓen ƙanana. Manyan su wuce wurin banda, wasu a haye da su kasuwar Gaya tun rana ba ta yi zafi ba. Abin da ya rage a gindin jirgi shi maza ke tuƙawa zuwa tasha.

"Na-Allah," ta ce, "waɗanda sunka auna shekara ashirin baya, kana tuna su?"

"Ƙwarai! Wani dogo mai tabarau, wata guda shina kwana garin ga. Cikin jirgina shika shiga da katakon awonshi. Ranar hwarko har amai ya yi mini bisa taru."

Marka ta rubuta sunayen jirage talatin da ɗaya a guntayen takarda, ta zuba cikin ƙwarya. Kowace safiya a girgiza, a zaro biyar, jirgin da sunansa ya fito ba mai sa masa hannu sai ta gama. Mata suka yi ta ƙorafi, wuta na ci a banda, 'yan Gaya na jira. Rana ta biyu sunan Na-Allah ya fito. Ya miƙo mata wata ƙatuwar karfasa, yana tura ƙananan ƙarƙashin taru da ƙafa.

"Madam, auna wagga, bar tarkacen nan."

"Kai ma? Su sun ɗauki ƙanana sun bar manya, kai kana so in ɗauki manya in bar ƙanana? Ƙaryar taku uwa ɗaya uba ɗaya. Zuba duka!"

"Haba Madam, ba taimakonmu kinka zo yi ba?"

"Awo na zo yi. In kihin ya ƙanƙance, da bakina zan hwaɗa, ko da tarunka ne za shi wuta."

Na-Allah ya zuba duka, yana gunaguni da Dandanci.

Kwana uku tana durƙushe cikin jirage, gwiwa na ciwo, zane na warin ƙarni. Ran Asabar ta koma Malanbil, ta wuce ofis ta nufi gidan su Abdurazak, ta gaida uwarsa, ta ce aron ɗanta take so na safiya ɗaya. Uwar ta ce a tafi da shi.

Da sassafen Lahadi yana tsaye kan tudun yashi, takalmi a hannu, wando naɗe. Ta miƙa masa ƙwaryar.

"Zaro biyar. Da hannunka, kada gobe ka ce tsohuwa ta yi maguɗi."

Ya zaro, ya auna duk karfasar da ke cikin jiragen biyar, ya haɗa ya raba. Ashirin da uku. Littafinta ma haka ya nuna. Sai Marka ta ɗaga wa mata hannu, suka afka da kwanoninsu. Da suka gama, ta sa shi ya bi jiragen nan biyar har tasha, ya jira ƙarfe tara, ya sake aunawa. Sha biyar.

Abdurazak ya ɗago kai daga takardar.

"Amma Madam, dubu da ɗari biyu..."

"Kankari gindin tukunya sau dubu, ƙanzo za ka samu sau dubu. Sai ka tahi ka ce wa duniya gidan ga ba a tuƙa tuwo?"

"Takardar binciken ta riga ta tahi sama. An sa hannu."

"Hannun da ya sa bai mutu ba. Ga Na-Allah nan, ga matatai. Ko dai ka kira maigidanka yanzu, ko ka dube su ka hwaɗa musu gobe za a ƙone tarunsu don motarku ba ta tashi da wuri."

Zuhura ta aje kwanonta ta riƙe kugu tana jira. Abdurazak ya ciro waya, ya matsa gefe, yana magana da Faransanci, murya ƙasa ƙasa, yana share zufa duk da sanyin ruwa.

Ran Litinin mota ta zo Garu. Ba ta ɗauki tarun kowa ba. Abdurazak ne ya sauko da tabarma da gidan sauro da katakon awo, ya tambayi inda dogon mai tabarau yake kwana.

Cikin shekara ashirin karfasar Garu ta ragu da santimita ɗaya. Sauran takwas ɗin suna cikin kwanonin mata tun ƙarfe shida na safe.