Birkin Hagu

"Ba wannan ba, Baba Gambo," in ji Aziza, ta ture wayar gefe da yatsa. "Wannan ta giya ce. Ta birki ta fi ta kauri."

Gambo, mai shagon kayan keke a bakin kasuwar Haɗeja, ya leƙo ta saman gilashinsa. "To, Injiniya, gwada ki nake yi." Ya zaro wata waya a nannaɗe daga kwali. "Kai biyu gare ta, kin gani? Wannan mai kama da ganga na kekunan gida ne. Wannan mai ɗan wuya shi ne na keken tsere irin na tsohonki. Ki yanke wanda ba kya so. In kika yanke wanda kike so, ina nan ban tashi ba."

"A ba ni biyu, da na giya biyu. Har da bututun da suke bi, ruwan bara ya shige shi."

"Haka ake yi. Sabuwar waya a tsohon bututu wahalar banza ce." Ya fara aunawa. "Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Hannun dama ne dai har yanzu."

"Hawa zai yi ke nan?"

"Kyautar da shi zai yi. Yau Mukhtar zai zo daga garin Malam Madori ya ɗauka."

Gambo ya ƙulle kayan a leda, ya daɗe yana ƙullin.

A cikin adaidaita ta rungume ledar a cinya. Mahaifinta, Malam Inuwa, tsohon malamin gona ne, kuma duk unguwa da keken nan aka san shi, siriri mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Kullum da safe yakan bi kwaltar garin Guri ya duba shinkafar fadama, ya tsaya wajen masunta a yi musu a kan ruwa, ya dawo da kifi a rataye. Tun tana ƙarama ita ce mai miƙo masa sifana.

Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ambaliya kuma ta kwana a zaurensu har ta rufe keken rabi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, likita ma ya ce ya riƙa motsa jiki. Ran nan ya fita zaure, ya kama hannun birkin dama ya matsa. Ko motsi bai yi ba. Aziza ta gwada bayan ya shiga, ita ma ta kasa, tsatsa ta cinye wayar a cikin bututu. Ta faɗa masa, ya ce, "Kar ki rarrashe ni, ni ba yaro ba ne." Daga ranar ya daina tambayar labarin fadama. Sai dai ya ce ba zai ba Mukhtar, ɗan ƙanwarsa, keke da mataccen birki ba, a gyara tukuna.

Ta same shi a zaure a kan kujera, ya jera kayan aiki a tabarma da hannun hagu.

"Nuna min abin da Gambo ya cuce ki da shi." Ya murza wayar, ya kai ta kusa da ido. "Ba laifi. Fara da giya."

Ta kwance tsohuwar, ta zaro ta da ƙyar, ja wur da tsatsa, har da busasshen laka. Ta auna sabon bututu a jikin tsohon, ta yanke, ta buɗe bakin da tsinke inda filaya ta matse shi. Ta shafa wa wayar mai, ta zura, ta ɗaure. Da ta juya feda, sarƙa ta riƙa hawa tana sauka ba gardama.

"Ƙara ja kaɗan. Yawwa. To, birki. Wane kan za ki yanke?"

"Mai ganga."

"Kin tabbata?"

"Baba, kana sa ni kokwanto."

"Ai shi ya sa na tambaya."

Ta yanke. Guntun ya faɗo a tabarma, ta ɗauke shi ta jimƙe. Tun a kasuwa take juya wani abu a ranta, kuma tsoronsa take ji. In ya hau ya faɗi, ita ce sila. In Mukhtar ya tafi da keken, kujerar nan ce har abada. Ta saci kallonsa. Ya zuba wa ƙofa ido, hannun daman a kwance a cinya kamar baƙo. Ta zura wayar ta hannun birkin hagu, ta kai ta tayar gaba. Ta dama kuma ta bi da ita har baya. Ta ɗaure notunan da sauri, kanta a sunkuye.

"Aziza."

"Na'am, Baba."

"Kin juya su."

"E."

"Birkin gaba dama yake zuwa. Tun ba ki kai sirdi tsawo ba kika san wannan."

"Kai ka ce min birkin gaba shi ke tsayar da keke, na baya rakiya kawai yake yi." Ta ɗago kai. "Shi ne na kai shi hannun da ya fi ƙarfi."

"Mukhtar hannuwansa lafiya lau."

"Na sani."

Daga cikin gida ana jin Inna tana daka.

"Kwance ki sake," in ji shi.

"To. Amma ka matsa ka ji tukuna, ko na ja wayar da yawa. Ni ban iya ganewa ba."

Ya harare ta, don ya san ta iya. Duk da haka ya miƙe. Ya kama hagu ya matsa, robobin suka cafke tayar gaba, ya tura keken ya ƙi gaba. Sai ya ɗora hannun dama. Yatsun suka lanƙwashe a hankali, suna rawa, hannun birkin ya biyo su da laushi, robobin baya suka taɓa ƙarfe. Ya saki. Ya sake matsawa. Ya sake, ya sake, bai dube ta ba.

"Salamu alaikum! Ina 'yar baƙin mai?" Mukhtar ne ya shigo yana kaɗa makullin babur, da igiyar ɗaure keke a kafaɗa. Ya durƙusa. "Kawu, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Sannan ya juya ga Aziza. "Ke kuma dubi fuskarki. Wa zai aure ki a haka, mai faci?"

"Wanda ya iya hawan keke ba a riƙe masa ba," in ji ta.

"Kawu, ka ji ta ko? Sau ɗaya na faɗa kwata, ina ɗan firamare!" Ya shafa sirdin. "Kai, ya yi kyau. In ɗaure?"

Malam Inuwa bai saki kan keken ba. Ya yi gyaran murya.

"Ka sha hanya a banza, Mukhtar. Yarinyar nan ta ɓata aikin, ta juya birkin. Ka hau ka matsa yadda ka saba, sai dai a tsinto haƙoranka a kwalta."

"Ai ba wuya, Kawu, sai ta mayar yanzu."

"Ba na ba mutum keke da aikin 'yan koyo. Sai na gwada shi da kaina na ga iyakar ɓarnar."

"To yaushe zan dawo?"

"In na gama gwadawa."

Mukhtar ya dubi Aziza. Ita kuwa ta duƙufa tana goge sifanar da ba ta da datti.

Malam Inuwa ya naɗe ƙafar wandonsa, ya tura keken waje. La'asar ta yi sanyi, layin ba kowa sai awaki. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye.

"Riƙe min sirdi," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ta riƙe, kamar yadda ya taɓa riƙe mata. Keken ya yi tangaɗi, ya daidaita, tana binsa da sassarfa, mayafinta na zamewa.

"Saki."

"Baba, bari mu kai wajen bishiyar can."

"Saki mana, Injiniya."

Ta saki. Ta tsaya a tsakiyar layi, guntun wayar nan yana sukar tafin hannunta. Wata akuya ta ratso gabansa. Ta ga hannun hagun ya dunƙule, keken ya tsaya cak, ya dire ƙafa. Ya jira akuyar ta wuce, har da ɗanta. Bai waiwayo ba. Ya mayar da ƙafa kan feda, ya karya kwana, ya nufi kwalta.