Tsibiri a Bakin Faranti

"A'a, ban ce ka yi ƙarya ba, Abdulilah. Cewa na yi ba ka taɓa zuwa ba. Ka je? To, ni ma ban je ba. Mun yi daidai ke nan, sai ka rage murya."

Goggo Raliya ce ke magana, tana zaune kan tabarma a tsakar gidanta na dutsen Nakkasa a Makka, jawwal, wato wayar hannu, manne a kunne. Wanda take yi da shi ƙanenta ne, yaron da ta goya tun ba shi da haƙori, yanzu ya ajiye gemu da motocin tasi a unguwar Hindawiyya, yana ganin shi ne babba. Tun bayan la'asar suke abu ɗaya. An zo an shafa wa bangonta jan fenti, izala, wato rusau. Ita ba ta iya karatu ba, amma wannan kalma ko akuyar unguwa ta haddace ta. Maƙwabta sun kwashe, gidan da ke damanta ma an riga an baje. Abin da ya rage shi ne a san inda za a ajiye tsohuwa. Abdulilah ya ce ta sauko shaggarsa, gidan benen da yake zaune, akwai ɗan ɗaki jikin kicin. Ɗanta na fari, Lurwanu, ya ce ta taho wurinsa. Wurinsa kuwa ba Jidda ba ne, ba Kano ba ne. Wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar teku, can gaba da ƙasar Jawa, wanda sunansa ya ƙi zama a bakinta, sai take ce masa tsibirin Kwakwa.

Yadda yaron ya je can ba wani abin mamaki ba ne. Tura keken tsofaffi yake yi a Mina lokacin aikin Hajji. Wata shekara ya tura wani dattijo ɗan tsibirin zuwa jifa, ya dawo da shi da ransa da takalmansa duka biyu. Dattijon yana da 'ya. Sauran ba sai an faɗa ba.

"Ina ji," in ji Goggo Raliya. "Ci gaba."

Ta sauke wayar daga kunne, ta ajiye ta a tsakiyar farantin da ke gabanta, ta bar shi yana ta yi. Muryarsa na fitowa ƙasa-ƙasa kamar ƙuda a cikin kwalba. Ta ɗauki dabino ta ci, ta jera ƙwallon a bakin farantin tare da 'yan'uwansa. Lurwanu ne ya nuna mata haka zuwansa na ƙarshe, da ya ga taswirar cikin waya ba ta shiga kanta. Ya ce, Inna, ɗauki bakin farantin nan, ƙwallayen nan su ne tsibiran, sun yi zobe, tsakiyar kuwa ruwa ne kwance, kore shar, kina hango kifi a ƙasa. Bayan faranti kuma teku ce har inda ido ya gaji. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka tayar da zancen sai ta jawo faranti.

Da ta ji ƙudan ya ja numfashi, ta ɗauka.

"Ba tsibiri ɗaya ba ne, ya shekh, tari ne, sai dai biyu kaɗai ake kwana a kansu. Sauran na kwakwa ne da ƙaguwa da tsuntsaye. Ɗaya na musulmi ne, a nan masallaci yake, a nan mutumin nan yake. Ɗaya na ma'aikatan gwamnati ne da filin jirgi. Kwale-kwale mai inji ke kai mutane ya dawo da su. Mutum nawa? Duk ka tara su ba su cika tanti goma na Mina ba. Layinku na Hindawiyya ya fi su yawa, ya kuma fi su surutu."

Mutumin nan, haka take kiran Lurwanu. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa ɗora sunan a harshenta ba. Ɗan fari ne. Uwarta ba ta faɗi sunan nata ba, kakarta ba ta faɗa ba, kuma tafiyar da suka yi daga Katsina zuwa Makka ba ta kankare wannan ba. Shi kuwa wannan abu, ba teku ba, ba jirgi ba, shi ne ya hana ta zuwa shekara da shekaru, ko da yake Abdulilah bai sani ba.

Ga yadda aka yi. Bayan auren, Lurwanu ya kira ta a wayar nan mai nuna fuska don ta gaisa da surukai. Matan tsibiri suka cika gilashin, fuskoki zagaye cikin lulluɓi masu furanni, kowacce na ɗaga hannu, suka haɗa baki suka rangaɗa mata: "Mak Lurwanu! Mak Lurwanu!" Ashe al'adarsu ke nan. Da zarar ka haihu, sunanka ya tafi hutu, sai a riƙa kiran ka da sunan ɗanka na fari, a kasuwa, a masallaci, ko'ina, kai kuma ka amsa da murna. Goggo Raliya ta ji kamar an yaye mata zani a gaban jama'a. Ta kifa wayar a kwandon albasa. Da ya sake kira ta ce masa layi ne ya yanke. Ta ƙudura a ranta ba za ta taka garin da za a wuni ana jifan ta da wannan suna tana cewa na'am ba.

Sai bara, matar Lurwanu ta sauka, aka sami Rim. Aka sake kira, matan suka sake cika gilashi, ta riga ta kai hannu ga kwandon albasa, sai ta ji suna cewa wani abu dabam: "Nek Rim! Nek Rim!" Ta tambaya. Aka ce ai da zuwan jika suna ya sake hawa, yanzu ita kakar Rim ce, haka za a kira ta har ƙasa ta rufe ido. Ta juya abin a ranta. Jika dai ba kunya tsakani. Jika ko ashar ka yi mata ado ne. Ta ce a kusanto da yarinyar ta gani, ta duba, ta ce hancin na mutanen can ne, amma za a yi haƙuri.

Wannan duk ba ta gaya wa Abdulilah ba. Ba zancen maza ba ne.

"Sarki? Ba su da sarki. Yo ina zai zauna, a kan kwakwa? Ostareliya ke riƙe da su. Eh, Nasara, na sani, ba sai ka tofa ba. Akwai wani babba da aka naɗa musu, shi ma ba a nan yake zaune ba, yana wani tsibirin can da nisa, sai ya leƙo ya koma. Na sama da shi kuma suna can ƙasar tasu, wasunsu ko a mafarki ba su ga wurin ba. Harkar shara da hanya da fitila, su mutanen garin ke zaɓen 'yan majalisarsu, kamar baladiyya, hukumar garinmu ta nan. Surukin mutumin nan ma ya taɓa zama a ciki. Da safe yana majalisa, da yamma yana gyaran koma."

Ta saurara.

"To me? Kai da kake nan, wanda ya sa hannu a rushe gidana ka taɓa ganin fuskarsa? Su an ce an taɓa tara su aka tambaye su, za ku tsaya da kanku ko za ku bi Ostareliya? Suka duba yawansu, suka duba tekun, suka ce za su bi. Ni dai abin da ya tsaya min a rai, an tambaya."

Can ƙasan dutse katafila na gurnani. Ƙura ta taso ta sauka a kan tabarma, a kan faranti, a kan ruwan nan kore da babu shi. Ta sa bakin mayafi ta share. Ta san ɗakin da ke jikin kicin ɗin Abdulilah, ta taɓa kwana a ciki da ƙafarta ta kumbura. Injin wanki ne maƙwabcinta, taga ɗaya tana kallon bangon wani. Matarsa ba ta da laifi, mutuniyar kirki ce, irin kirkin da ke tambayar ka sau uku ko ka ƙoshi. Jikokinsa kuwa Hausa ta gudu daga bakinsu, in ta yi magana sai su dubi uwarsu a fassara musu.

"Abinci? Shinkafa da kifi. Sauran kaya jirgin ruwa ke kawowa, in ya makara a ci kifi da shinkafa. Ruwan sha Allah ke zubo musu daga sama, ba sai an bi wayit, tankar ruwan nan, ana roƙon direba ya hau dutse ba. Yare? Zan koya. Na sayar wa Jawa da Turkawa da Bangala tasbaha shekara nawa a bakin Harami, wa ya taɓa tafiya da canjina? In ce zo, in ce ci, in ce bari. Me ake gaya wa jinjira bayan wannan?"

Daga nan muryar cikin wayar ta sauya. Ta daina tsalle, ta yi nauyi. Goggo Raliya ba ta ajiye a faranti ba wannan karon. Ta san inda ya nufa, tun ɗazu take jiran sa a nan. Mutane na sayar da gona da shanu don su zo su mutu a garin nan. Kakarsu ta taka daga Katsina, ta binne miji a hanya, ta haifi uwarsu a Sudan, don kawai a sallace ta a Harami. Ita kuma da aka haifa a nan, saura ƙiris, za ta kwashi ƙafa ta je ta kwanta a cikin yashi, liman ɗaya da sahu biyu.

Ta dubi inda hasumiyar agogon Harami ke leƙowa ta bayan dutse. Kullum tana nan, har mutum ya daina ganin ta.

"Wannan ka faɗi gaskiya," ta ce. "Ba zan ce ba ya cina ba. Yana cina." Ta juya wani ƙwallon dabino da yatsa. "Amma ita kakar tamu, ranar da ta ɗaura kaya a Katsina, kana tsammani ba ta bar wani ƙane a zaure yana yi mata irin wannan ihun ba? Likkafanina yana cikin akwati, na wanke shi da zamzam da hannuna, na shanya a kan igiyar nan. Alhazai nawa na wanke wa nasu suka tafi da shi garuruwansu? Har yau ban ji wanda ya dawo ya ce bai yi aiki ba."

Ta ji ya yi tsaki, ya kira sunan Allah, ya yi tari. Ta ɗauka ya gama. Ashe ya ɓoye hujja guda ɗaya, wadda ɗansa Nawaf ya binciko masa a waya. Ya sako ta gaba ɗaya, har sai da ta ɗan janye jawwal daga kunne.

"A hankali, ban kurumce ba. Na'am? Babu dutse? Babu, ko na daka tafarnuwa. Wuri mafi tsawo a garin, in ka hau kan motarka ka miƙa hannu ka kusa kai shi. Eh, mutumin nan ya gaya min. Ya ce in iska ta haukace ruwa na shigowa har layin gidaje, suna jera buhunan yashi. Ya ce ko maƙabarta tekun ta fara lasa ta gefe. Bai ɓoye min ba, ba irin tarbiyyar da na yi masa ke nan ba."

Ta ƙyale shi ya kai aya. Wai nan da wasu shekaru babu tsibirin, ruwa zai shanye shi da masallacin da kwakwar da kabarinta. Wai mai hankali ba ya barin dutse ya koma kan yashi.

Goggo Raliya ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango daidai inda jan fentin ya ɗiga, ta leƙa ta kan katanga. Inda gidan Maryama mai waina yake da, fili ne. Inda aka yi sunan Lurwanu, fili ne. Zauren da Abdulilah ya koyi tafiya, wata babbar mota ce tsaye a wurin ana loda mata shi. Dutsen kansa an yanke masa kafaɗa kamar tsire.

"Abdulilah," ta ce, "kana ina yanzu? A falo? To tashi ka buɗe taga, ka dubo Nakkasa. A kan dutse aka haife ni, a kan dutse aka haife ka. Duba ka gaya min ina yake."

Ta gyara riƙon wayar, ta ci gaba.

"Ita teku ai tana da kunya, da kaɗan-kaɗan take ci. Kafin ta iso kaina na daɗe da gama abin da ya kai ni. Ka turo Nawaf ranar Asabar ya sauko min da akwati, ƙafata ba ta son matakalar nan."