Soron Malam Ishaku

Gidan da Shatu ta tsufa a cikinsa, a gefen Gidan Sori, kakanta Malam Ishaku ne ya gina shi da ya taso daga ƙasar Katsina, lokacin wurin nan duk daji ne. Da tubali ya tashi bangon, mai kauri sosai. Azarar giginya a kan raƙuma ya kawo ta daga kudu, ya ɗaure rufin zaure da ginin baka, irin wanda ake kira bakan gizo, ya fid da zanko a kowace kusurwa. Ko da tsakar bazara, ka shiga ciki sai ka ji kamar randa.

Sai fari ya zo, damina bayan damina gero bai yi kai ba. Rumbuna suka ƙare. Ɗanta Alhassan ya ce, "Inna, mu tafi Jibiya wurin dangi. Bango ba ya ciwuwa."

Ta yi ta ƙi, har ta ga jikokinta sun soma ramewa. Ranar tafiya ta kira Jaye, Bafillacen da ke sauka a gonarsu bayan girbi, wanda shanunsa suka mutu kaf.

"Ku shiga ku zauna, kai da matarka Dija. Kada gidan ya kwana ba hayaƙi."

"Gwaggo, mu mutanen bukka ne. Ban san kan gini ba."

"Ka zauna dai."

A Jibiya ɗakin kwano aka ba ta, mai zafi. Kullum sai ta ba yara labarin sanyin zauren, har suka gaji da ji. Ranar da ruwa ya dawo, mutane na murna a waje, ita kuwa kuka take. A tunaninta, ba a yi wa soron yaɓe ba tun tafiyarsu.

Da kaka ta matsa wa Alhassan, suka koma a amalanke. Zaure ya zube, azara a kwance cikin laka. Amma ɗakin ciki yana tsaye, bangonsa duk shaidar yatsu, yaɓe karkace-karkace.

Dija ta fito tana jin kunya. "Shi kaɗai muka iya cetowa, Gwaggo. Hannuna bai saba ba."

Shatu ta taka zuwa inda zauren yake a da. Sannan ta ce wa Alhassan ya tsamo azarar nan kafin gara ta same ta, ta kuma tambayi Dija ko da sauran wuri a ɗakin da za ta shimfiɗa tabarma.