Hannun Daman Yaron Birai

Tafin da ya ɓarke a zauren makarantar koyon fim da ke Garoua, Halime ji ta yi kamar a kumatunta ake yin sa. Nata fim ɗin, na mata masu kyafa kifi a Lagdo, mutum uku suka tafa masa, ɗayan ma sauro yake kashewa. Ga na Honorine, abokiyar karatunta, har da masu miƙewa tsaye. Kujerar zuwa gasar Yaoundé kuwa ɗaya ce tak. Kishi ya cika Halime har wuya.

Fim ɗin Honorine labarin wani yaro ne da birai suka raina a dajin Binuwai, kwamandan Faransa ya kama shi, ya sa shi a keji yana auna masa kai. Abin haushin, Sharif ƙanen Halime ne ya fito a yaron. Ita da kanta ta ba da aronsa, a zatonta fim ɗin ba inda za shi.

Da malaminsu Musye Gaston ya nemi tambayoyi, hannunta ya riga na kowa tashi.

"Pardon, Musye, a maido inda kwamanda ya jefa masa nama."

Aka maido. Yaron ya rarrafo, ya kai hannun hagu, ya janye da sauri, ya ɗauka da dama. Leɓɓansa suka motsa.

"Kun gani? Bisimilla ya yi!" in ji Halime. "Wane biri ya koya masa? Horon kakarmu Hadje ne, hannun hagun nan ya sha ludayi. Darakta ko lura ba ta yi ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Honorine ta sunkuyar da kai. Halime ta koma ta zauna tana murmushin nasara.

Musye Gaston bai yi dariya ba. Ya sa aka sake maidowa, ya matsa dab da allo.

"Mais voilà, yawwa! Yaron nan ɗan gida ne, wata ta yi masa tarbiyya. Kwamanda dabba ya zo nema, shi ya sa dabba ya gani. Ni kaina haka na kalle shi. Honorine, da gangan kika bar wannan?"

Honorine ta ɗago, ta dubi Halime.

"Oui, Musye, da gangan ne." Nan take ya ba ta kujerar Yaoundé.

A bakin ƙofa Honorine ta cim ma Halime tana neman ɗan babur, ta rungume ta.

"Na gode, 'yar'uwa. Me zan sayo miki daga Yaoundé?"